Fadamar da ruwa ya kwanta a kanta: ƙasar ta mutu ne, ko tana nan da ranta?

Manomin_Dilimi:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Tambayata ga masana ƙasa da malaman gona da ke cikinmu take. Akwai fadamun bakin kogin Dilimi a nan Jos da ruwa ya kwanta a kansu tun watan Agusta, sai yanzu cikin Oktoba yake janyewa. Magana ta bazu tsakanin masu lambu cewa duk ƙasar da ta yi mako uku zuwa huɗu a cikin ruwa ta mutu, ƙananan halittun cikinta sun ƙare, wai sai an sayi irin halittun da ake sayarwa a kwalba an zuba kafin a dasa tumatir ko albasa. Wasu kuma suna cewa ambaliya taki ce kyauta daga Allah. Wanne za a kama? Kuma me ya kamata a fara yi kafin a ja fangali?

Dakta_Ƙasa:
Wa alaikumus salam Malam. Ƙasar ba ta mutu ba. Giram ɗaya na ƙasar fadama mai kyau yana ɗauke da bakteriya daga ɗaruruwan miliyoyi har zuwa biliyan, kuma rukuni-rukuni ne, kowanne da yanayin da yake so. Abin da ruwa yake yi shi ne toshe ƙofofin iska. Oksijin yana da nawar tafiya a cikin ruwa, saurinsa a iska ya ninka na cikin ruwa kusan sau 10,000. Saboda haka ɗan abin da ya rage a cikin ƙasa, saiwoyi da bakteriya suna gamawa da shi cikin yini ɗaya ko biyu, in ana zafi ma cikin sa'o'i. Daga nan masu buƙatar iska su yi likimo, wasunsu su mutu, waɗanda ke iya numfashi da wani sinadarin su karɓi aiki.

Kuma bi da bi suke karɓa. Na farko su ne masu amfani da naitiret, wato nau'in naitirojin da shuka ke sha, su mayar da shi iska ya tashi sama. Cikin 'yan kwanaki naitiret ɗin da ya rage daga takin damina ya tafi, wannan ita ce asara ta gaskiya. Sai a koma kan manganis, sannan ƙarfe. Jan da kake gani a ƙasa tsatsar ƙarfe ce, idan bakteriya irin su Geobacter suka narkar da ita sai ƙasar ta koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi. In ruwan ya ƙara daɗewa kuma akwai ruɓaɓɓen ganye da yawa, sai masu aiki da sinadarin farar wuta su shigo, su ne ke kawo ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ƙarshe su ne masu fitar da iskar metan, kumfar nan da ke tasowa idan aka taka laka.

To ka sa shebur ka haƙa kamar santimita 30, ka duba launi ka sunsuna. Idan ruwan ƙasa ce da ɗigo-ɗigon tsatsa, iska ta fara komawa. Idan toka-toka ce tun daga sama har ƙasa tana ɗoyi, da saura.

Sarkin_Lambu_Bukuru:
Allah ya ƙara basira Dakta. Ke nan masu cewa taki ce kyauta su ma ba su faɗi daidai ba, tunda naitiret ya tafi?

Dakta_Ƙasa:
Rabin gaskiya suka faɗa, ranka ya daɗe. Ya danganta da abin da ruwan ya ajiye. Inda ya tsaya cik ya kwanta, laka mai laushi yake bari, tana ɗauke da ruɓaɓɓen abu da fotash da sauran sinadarai daga gonakin sama. Sannan amoniya tana taruwa a ƙasar da ke cikin ruwa, domin ruɓewa ba ta tsaya ba, masu mayar da amoniya naitiret ne kawai suka tsaya saboda rashin iska. In ƙasa ta sha iska za su ci gaba da aikinsu.

Injiniya_Dam:
Bari in ɗora a kan batun abin da ruwa ke ajiyewa, don nan ne mutane ke yin kuɗin goro. Fadama ɗaya tana da shiyya uku aƙalla. Gaɓar kogi, inda ruwa ke gudu, yashi yake zubarwa, kuma yashi kusan babu abinci babu halittu a cikinsa. Tsakiya laka ce mai kyau. Can baya kuma, kwarin da ruwa ke makalewa, yumɓu ne mai nauyi da ke daɗewa bai bushe ba. Kowacce da maganinta.

Yashin da bai wuce santimita 5 ba, kaftu na yau da kullum ya isa ya gauraya shi da ƙasar asali. Daga 5 zuwa wajen 20 sai garma mai zurfi, wadda za ta ɗauko baƙar ƙasar da ke ƙarƙashi. In ya wuce haka a kwashe shi ko a baza shi, domin dashe a kan zallan yashi wahalar banza ce, ruwa ba ya tsayawa, taki yana zurarewa. A irin wannan wurin ne mutane ke cewa ƙasa ta mutu, alhali tana nan a binne.

Malama_Ladi_Gona:
Dakta, na yarda ƙasa ba ta mutu ba, amma kada mu sauƙaƙa abin har a ɗauka babu wanda ya ji jiki. Akwai rukunin da ambaliya ke illatawa sosai: naman gwarin nan da ke zama a cikin saiwa, yana miƙa zarensa cikin ƙasa yana jawo wa shuka fosfaras da zink, ita kuma tana ba shi sukari. Ba ya rayuwa sai da saiwa mai rai, kuma yana buƙatar iska. Idan ruwa ya kashe duk wani tsiro a gona na tsawon makonni, yawansa yana faɗuwa. An ga wannan ƙarara a Amurka bayan ambaliyar kogunan Misisipi da Mizuri ta 1993: masarar da aka shuka a shekara mai zuwa ta tsumbure, ganye ya yi shunayya, alhali awo ya nuna akwai fosfaras a ƙasar.

Ga mu nan Jos abin lura shi ne ba kowace shuka ce ta dogara da shi ba. Albasa ta dogara da shi ƙwarai domin saiwarta gajera ce, ba ta da gashi sosai. Masara da karas da tattasai ma suna jin rashinsa. Kabeji kuwa ba ruwansa da shi, kuma ba ya ciyar da shi. Don haka kabeji zai yi kyau a fadamar da ruwa ya daɗe a kanta, amma in ka bi shi da albasa ka ninka matsalar, tunda an ƙara wata uku babu mai ciyar da naman gwarin.

Sarkin_Lambu_Bukuru:
Malama, amma an ce ruwa yana sakin fosfaras ɗin da ƙarfe ya riƙe. Yaya kuma shuka za ta rasa shi?

Malama_Ladi_Gona:
Yana sakinsa muddin ƙasa tana cikin ruwa, shi ya sa shinkafa ke amfana. Da ƙasa ta sha iska, narkakken ƙarfen nan yana komawa sabuwar tsatsa, ita kuma sabuwar tsatsa ta fi tsohuwa kama fosfaras. Masu bin shinkafa da masara ko alkama sun san wannan. Mafita ita ce kada a watsa takin sufa ko kamfa a faɗin gona. A sa shi a layi, santimita 5 daga gefen shuka, santimita 5 a ƙarƙashinta, yadda ƙaramar saiwa za ta same shi da wuri. Kuma ɓangaren da ba za a dasa yanzu ba kada a bar shi tsirara, a watsa wake ko masara mai kauri, ko ba za a girbe ba.

Ɗan_Faringada:
To ai shi ke nan, maganar masu kwalba ta fito. In wasu halittun sun ragu, me zai hana a sayo a zuba?

Mai_Awon_Ƙasa:
Lissafi ne zai hana, ɗan'uwa. Saman ƙasar hekta ɗaya, zurfin santimita 15, nauyinsa ya kai tan dubu biyu. Ka kwatanta lita ɗaya ko biyu da wannan, ga kuma 'yan gida da suka saba da wurin suna jiran baƙin. Yawanci baƙin ba sa kai labari. Ƙari a kan haka, abu mai rai da ya kwana a shago cikin zafi, ko ya yini a bayan mota a rana, ba ka da tabbacin yana da sauran rai. Kuma kwalbar da ba ta faɗi sunan halittar da ke ciki ba, da yawanta a kowane mililita, da ranar lalacewarta, ban ga dalilin ba ta kuɗi ba. Kuɗin ya fi amfani a ruɓaɓɓen takin gargajiya, wanda shi abinci ne ga waɗanda ke cikin ƙasar tun asali.

Malam_Waken_Soya:
Ban yarda a haɗa su duka a yi musu hukunci ɗaya ba. Na waken soya daban ne, kuma aikinsa tabbatacce ne. Bakteriyar Bradyrhizobium ce, ana shafa ta a jikin iri, ba a ƙasa ake zuba ta ba, don haka tana nan daidai wurin da saiwa za ta fito. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana yin wanda ake kira Nodumax. Waken soya baƙo ne a ƙasarmu, gonaki da yawa ba su da isasshiyar bakteriyar da ta dace da shi, balle wadda ta yi wata guda a cikin ruwa. Ƙa'idarsa: a gauraya a inuwa, a bar iri ya sha iska kaɗan a inuwar, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Rana tana kashe ta. Bayan mako biyar zuwa shida a tono 'yan tsiro da shebur, kada a fizge, a tsaga ƙullutun da ke jikin saiwa. Ja ko ruwan hoda a ciki yana nufin ana aiki. Fari ko kore, babu abin da ake samu.

Mai_Awon_Ƙasa:
Wannan na amince da shi, Malam. Amma tambayar farko a kan tumatir da albasa take, su kuma ba sa yin ƙullutu.

Likitan_Shuka:
Ni abin da ya fi damuna duk an tsallake shi. Ana ta jimamin halittun da suka ragu, an manta da waɗanda suka ƙaru. Pythium da Phytophthora, ƙwayoyin cutar shuka masu kama da naman gwari, suna da 'ya'ya masu iyo, ruwa ne hanyarsu, kuma saiwar da ta galabaita saboda rashin iska ita suke fara kamawa. Su ne ke sa ƙananan tsiro a gadon raino su siranta a gindi su faɗi. Kada a yi rainon iri da ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta. A ɗauko ƙasar jigawa, a ɗaga gadon santimita 15 zuwa 20, a wanke iri da maganin da ke ɗauke da metalaksil, a rage cunkoso, a yi ban-ruwa da safe don gindi ya bushe kafin dare.

Na biyu shi ne ciwon yaushi na bakteriyar Ralstonia, mai kama tumatir da dankalin Turawa da tattasai da gauta. Shuka tana kore shar sai ta yi yaushi ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ambaliya tana ɗauko shi daga gonar sama ta raba wa na ƙasa. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a yanke kara kusa da gindi, a rataya yankakken bakin a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada a motsa. Cikin 'yan mintuna za a ga farin zare yana sauka. In an ga haka, feshi ba zai yi komai ba. A tumɓuke da ƙasar gindin a fitar daga gona, kada ruwan wannan fangalin ya wuce zuwa na gaba, sannan wurin ya huta daga dangin tumatir na wasu shekaru, a sa masara ko albasa ko kabeji.

Hajiya_Mai_Latas:
Likita, rufe ƙasa da farar leda don rana ta dafa ta fa? Ana yawan ba da wannan shawarar.

Likitan_Shuka:
Tana aiki, Hajiya, amma da sharaɗi: ƙasa mai danshi, leda mai haske a binne gefunanta, mako huɗu zuwa shida, a lokacin tsananin zafi. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, kuma yanzu hunturu muke fuskanta. A Nuwamba da Disamba zafin ba zai isa ba. Maris da Afrilu ne lokacinta, kuma ga gadon raino, ba gona gaba ɗaya ba.

Jami'ar_Tsafta:
Tunda an zo kan latas, a bar ni in faɗi abin da ba a son ji. Dilimi ta cikin gari yake ratsawa, yana kwasar ruwan kwatoci da na masai da shara. Abin da ya zauna a fadama bayan ambaliya har da bakteriyar bayan gida irin su E. coli da ƙwan tsutsar ciki. Bakteriyar rana da bushewa suna rage ta cikin makonni, ƙwan tsutsa kuwa yana iya yin watanni har shekaru a ƙasa mai danshi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 don ruwan da za a ba ganyen da ake ci ɗanye shi ne kada bakteriyar bayan gida ta wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kuma kada ya wuce ɗaya a lita. Duk abin da ruwan ambaliya ya taɓa yana gona, in ɗanye ake cinsa, kada a kai shi kasuwa. A zagayen farko gara a sa abin da ake dafawa. In dole sai latas, a ba da ruwa ta rariya maimakon a kwara a kan ganye, a bar ruwan ya kwanta a rami kafin injin ya ja, kuma a ɗaga bakin tiyo daga lakar ƙasan ramin, domin can ƙwan yake taruwa.

Ɗan_Faringada:
Tokar bola da masu lambun Jos suka daɗe suna amfani da ita fa? Ba ta kashe waɗannan?

Dakta_Ƙasa:
Ba a dogara da ita don wannan. Amfaninta shi ne rage tsamin ƙasa, kuma ƙasar tudun Filato da yawanta mai tsami ce, shi ya sa ake ganin aikinta. Masu mayar da amoniya naitiret ma sun fi walwala idan tsami ya ragu. Amma hattara uku. Kada a haɗa toka da yuriya ko ɗanyen kashin kaji a lokaci guda, naitirojin zai tashi a matsayin iskar amoniya, a bar mako biyu tsakani. Kada a cika ta a gonar dankalin Turawa, domin ƙazuwar dankali ta fi yawa idan pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa da ke hawa yayin da tsami ke raguwa, ya haura 5.5. Sannan tokar da aka ƙona batir da roba da gwangwanin fenti a cikinta tana iya ɗauke da dalma, ita kuma dalma ba ta ruɓewa.

Ɗan_Gwagwalada:
Gaisuwa daga bakin kogin Usuma. Mu nan shinkafa ce, ruwan da kuke jira ya tafi mu riƙe shi muke yi, amma bayanin Dakta na farko shi ne tushen aikinmu. A fadamar shinkafa akwai siririn ɓawo a saman laka, 'yan milimita, mai iska, ƙarƙashinsa babu. In ka watsa yuriya a kan ruwa, wani ya tashi a matsayin amoniya, wani ya zama naitiret a ɓawon, ya gangara inda babu iska, bakteriya su mayar da shi iska. Asara biyu. Shi ya sa dunƙulen yuriya ya fi: ƙwaya ɗaya a tsakiyar gindi huɗu, zurfin santimita 7 zuwa 10, kamar mako guda bayan dashe, a toshe ramin da laka. A can ƙasa yana zama amoniya, yumɓu ya riƙe shi. Kuma bambaro a binne shi mako uku zuwa huɗu kafin dashe. In aka binne ɗanye aka dasa nan take, ruɓewarsa ba tare da iska ba tana fitar da sinadarai masu tsami da ke baƙanta saiwa, ga halittun da ke cinsa suna kwashe naitirojin ɗin da shuka ke jira.

Injiniya_Dam:
Ƙari ga masu shinkafa, don sanin lokacin ban-ruwa: bututun roba mai tsawon santimita 30, a huda santimita 20 na ƙasa, a binne wannan ɓangaren, a kwashe lakar ciki. Sai ruwan cikin bututu ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa a sake cika fangalin zuwa santimita 5 a saman ƙasa. Daga mako guda kafin fure zuwa mako guda bayansa a bar ruwa a tsaye. Wannan shan iskar yana rage metan, yana rage gubar ƙarfe mai sa tsofaffin ganye ɗigon ruwan ƙasa tun daga tsini, yana kuma rage kuɗin fetur.

Ɗalibar_Kimiyya:
Malamaina, don Allah a taimaka. Ga mai son yin bincike a kan halittun irin wannan ƙasa, yaya ake ɗaukar samfur?

Mai_Awon_Ƙasa:
Ki raba fadamar yadda Injiniya ya faɗa, gaɓa da tsakiya da kwari, kada ki gauraya su. A kowace shiyya ki ɗauki wuri 10 zuwa 15, zurfin santimita 0 zuwa 15, ki haɗa su samfur ɗaya, kuma ki samu irin wannan haɗin aƙalla uku a kowace shiyya, in ba haka ba babu lissafin da za ki iya yi. Ki goge ƙarfen haƙa da barasar asibiti mai kashi 70 tsakanin shiyya da shiyya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shanya ƙasar. Shanya ta dace da awon sinadarai, amma ga halittu tana canja komai. A sa a leda mai tsafta, cikin kula da ƙanƙara, a yi aiki a kai cikin 'yan kwanaki. Na DNA a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili, ko 80 in akwai. In wuta ba ta tsayawa, gara a cire DNA ɗin da wuri, domin narkewa da sake daskarewa suna lalata samfur. Ki busar da ɗan kaɗan a digiri 105 na awa 24 don ki san yawan danshi, saboda a kan busasshen nauyi ake ba da sakamako. Kuma ɗauka sau ɗaya ba ta nuna aikin ambaliya. Ki ɗauka da janyewar ruwa, ki koma bayan mako huɗu zuwa shida, ki sake kafin damina.

Dakta_Ƙasa:
Ƙari ɗaya, 'yata. In a farantin ɗakin gwaji za ki raina su, giram 10 na ƙasa a ruwa mililita 90 ana ta ninka sirki, ki sani waɗanda ke yarda su tsiro a faranti galibi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma masu ƙin iska ba za su fito ba sam. Karanta sassan DNA da ake kira 16S don bakteriya da ITS don naman gwari ya fi faɗi, amma shi ma yana ƙirga DNA ɗin matattu. Kada ki rubuta cewa wani rukuni ya ɓace don kawai bai fito a farantinki ba.

Manomin_Dilimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura rabin tambayata: kwana nawa za a jira kafin a sa fartanya?

Injiniya_Dam:
Ba da kwana ake aunawa ba. Fara da yanka rariya ruwan da ya makale ya fita. Sannan ka ɗebo ƙasa daga zurfin da fartanya za ta kai, ka murza a tafin hannu. In ta yi siririn zare mai kaurin milimita 3 bai karye ba, ta yi danshi da yawa. Kaftu a haka yana danne ta, ya toshe ƙofofin iskar da muke son buɗewa, in ta bushe ta zama hoge. In ta marmashe kafin ta kai haka, bismillah.

Malama_Ladi_Gona:
Injiniya, na yarda da gwajin, amma ina tsoron a jira har ƙasa ta bushe ƙayau ta tsattsage. Busasshiyar ƙasa in ta sha ruwan farko, halittu suna farkawa gaba ɗaya, su cinye gawarwakin 'yan'uwansu, naitirojin ya fito da yawa cikin 'yan kwanaki. Masanin ƙasa Birch ya bayyana wannan a 1958 a Gabashin Afirka. In babu saiwa a wurin, ban-ruwa na biyu da na uku su wanke shi. Don haka dashe ya kasance a shirye kafin a jiƙa fangali, kada a jiƙa sannan a tafi neman iri.

Sarkin_Lambu_Bukuru:
Ni kuma ina ganin a kwarin yumɓu tsagewar nan alheri ce, ita ce ke shigar da iska can ƙasa inda fartanya ba ta kaiwa. Gaɓa da tsakiya a bi maganar Malama, kwari a bar shi ya tsage.

Dakta_Ƙasa:
A sa sanyi ma cikin lissafi. Aikin halittun ƙasa yana kusan ninkawa duk ƙarin digiri 10, don haka takin da zai ruɓe da wuri a Gwagwalada zai yi nawa a Jos cikin Disamba da Janairu. Mai dogara da kashin shanu kaɗai zai ga ganye ya yi rawaya a tsakiyar hunturu, taki kuwa yana nan bai saki ba. A sa ruɓaɓɓe tun wajen kaftu, yuriya kuma a raba ta kashi biyu ko uku, a binne, a bi da ruwa kaɗan.

Likitan_Shuka:
Ruɓaɓɓe na gaske fa, wanda tsibinsa ya yi zafi ya kai digiri 55 aka juya shi. Ɗanyen kashin kaji a ƙasar da ba ta gama shan iska ba zai cinye ɗan oksijin ɗin da ya shigo, ya mayar da ita inda ta fito. Malam Manomin Dilimi, me aka noma a wurin kafin ruwa ya zo? In tumatir ne ko dankali, ban ba da shawarar a maimaita tumatir a bana ba, ko da kuwa ƙasar ta yi launi mai kyau.